Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Kaset ɗin Ruwa

Makon jiya na tsaya inda aka turo ni gida Damagaram a matsayin wakilin gidan telbijin ɗinmu, bayan na gama karatun jarida a makarantar IFTIC da ke Yamai. A 2004 ke nan. Watannin farko aikin duk na manya ne: taron gwamna, bikin buɗe horo, hawan sallah a ƙofar fadar Sultan.

Da bazara ta kankama, pampo ya ƙafe. Duk ɗan Damagaram ya san wannan ciwo. Garinmu kan dutse yake zaune, rijiya ba ta cim ma ruwa da sauƙi, ruwan da ake turowa a lokacin daga rijiyoyin Gogo-Machaya da Arunguza da ke wajen gari kuwa bai wadatar da jama'a. Ni da na tashi a Birni ina tura kurar ruwa kafin in tafi lakwal, ba sai an ba ni labari ba.

Na ce wa mai kamara mu yi sammako. Ana sallame asuba muna Garin Malam. Bido rawaya jere sun fi a ƙirga, an zura musu igiya ɗaya ta hannuwansu don kada wani ya yi satar layi. Wata tsohuwa na zaune kan nata, carbi a hannu, ƙafafunta fari fat da ƙura. Na durƙusa na gaishe ta, na miƙa mikro.

"Inna, tun yaushe kike nan?"

"Tun bayan lisha, ɗana." Ta dubi kamarar, ta dube ni. "In ka ɗauke mu cikin wannan abin, ruwan zai zo?"

Bakina ya mutu. Abin da na iya cewa kawai, "Za a gani a Yamai, Inna."

Lokacin ba mu da intanet ɗin aika hoto. Kaset ake sa wa a ambulan, a kai tasha, a damƙa wa direban kar, ya ci kusan kilomita 900, ta Maraɗi, Konni da Dosso. Na rubuta lambar waya a bayan ambulan har sau biyu don tsoron ɓata.

Dare biyu ina gaban akwatin telbijin a gidan Baba, maƙwabta cike da tsakar gida. A dare na uku rahoton ya fito. An bar layin bido, an bar muryata, an datse tsohuwar gaba ɗaya. Har yau abin na ci mini rai, don tambayarta ita ce labarin.

Baba ya ajiye kofin shayi ya ce, "Ina matar da ka ce?"

Washegari na ari babur na koma Garin Malam nemanta. Yadda muka yi da ita, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.