Ashe ni ne ɓeran gidan

Abin ya faro ne daga wata 'yar rigima da mukayi da uwargida a ƙarshen Afrilun 2024, sati biyu da wani abu bayan ƙaramar sallah. Ranar na bar dubu uku na cefane kamar kullum na fita, la'asar bata yi ba sai ga kira wai in turo ko ɗari biyar ce mai ruwa na tsaye a ƙofar gida. Ni kuma dama raina a ɓace yake, albashi ya ƙare tun 20 ga wata, kawai sai nace mata wai ke kuɗin nan ina kike kaisu ne. Shiru tayi ta kashe wayar. Da na dawo da daddare sai na tarar da sabon littafin rubutu irin na 'yan firamare a kan filona da biro a ciki, tace Baban Ummi gashi nan, daga ɗaya ga wata duk nairar da ta fita a gidan nan a rubuta ta, amma fa har wadda ta fita daga aljihunka a waje. Nace ai wannan mai sauƙi ne, a raina ina cewa toh yanzu zan kama ɓeran da yake min ɓarna.

Mu shida ne a gidan, ni da ita da yara uku da ƙanwarta da take karatu a wajenmu, muna haya a Ɗorayi cikin Kano. Shinkafa da masara da mai ni nake sayowa duk wata, dubu ukun nan ta kayan miya ce da sauran ƙananan abubuwa, a ganina ma har da ragi ya kamata a dinga samu.

Sati ɗaya da fara rubutu na fara jin kunya, saboda abin da yafi yawa a shafin nata ba tumatir bane ba nama bane, ruwa ne. Jarka shida kullum, kowacce naira ɗari, lokacin ana tsakiyar zafi ga kura sai kayi da gaske kake samu. Ranar Asabar da ake wanki a ƙara wasu shida. Da watan Mayu ya ƙare na haɗa lissafi, ruwan 'yan garuwa kaɗai ya tashi dubu 21. Sai fiya wata na sha, leda ɗaya kullum mai guda ashirin a ciki, ɗari uku da hamsin, shima dubu 10 da ɗari takwas da hamsin. Sai kuma bil ɗin famfo dubu biyu da nake ba mai gidan haya duk wata, wanda shi wannan bana ma tuna shi don tare da kuɗin shara nake miƙawa, famfon kuma in yayi kirki ya zo sau biyu a sati da tsakar dare, siriri kamar zare, sai an kafa masa bokiti an zauna gadi. Jimla dubu 33 da ɗari takwas da hamsin. Ku tuna fa a lokacin mafi ƙarancin albashi a Najeriya dubu 30 ne, sai a watan Yuli aka sa hannu a kan na dubu 70. Wato ruwan gidana kawai yafi albashin wani bawan Allah na wata guda cur.

Kuma banda bil ɗin, duk sauran daga cikin dubu ukun nan take cirewa. Da na cire sai naga abin da yake rage mata bai kai dubu biyu ba a rana, da shi take sayen attaruhu da albasa da magi da ɗan kifi ta ciyar da mutum shida sau uku. Har yau ban san yadda takeyi ba wallahi.

Da farko haushin mai ruwan naji, nace ai su ne suke tsuga kuɗi. Wata safiya na tare shi, dattijo ne daga Nijar yake zuwa cirani, nace Baba jarkar da muke saya hamsin bara yanzu ɗari, ina dalili. Ya jingine kurar ya goge gumi yace Alhaji (ni ko Zariya ban cika wucewa ba balle Makka) zo muje ka gani. Ban bishi ba amma ya min bayani, mai bohol in babu wuta janareta yake tayarwa, tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023 kuma shima ya ƙara kuɗin kowace jarka, kurar ba tasa bace haya yake biya kullum ko yayi ciniki ko bai yi ba, ga faci ga layi, wani lokacin awa biyu yana jira kafin a zo kansa. Jarka sha biyu yake ɗorawa, kowacce lita 25, kilo ɗari uku kenan yake turawa a rana tsaka a lungunan da babu kwalta. Daga ranar ban sake yi masa ƙorafi ba.

Toh sai shafina. Nan ne fa aka yi ta. Abincin rana a wajen aiki, shinkafa da wake ko ɗanwake da ƙwai, ɗari bakwai, kwana 22, dubu 15 da ɗari huɗu. Teburin mai shayi bayan isha'i inda muke majalisa, indomi da ƙwai da shayi mai kauri dubu ɗaya da ɗari ɗaya, na ƙirga sau 19 na zauna a watan, dubu 20 da ɗari tara, kuma fa bayan naci tuwon gida ne ko in dawo in tarar da shi a rufe. Tsiren Juma'a dubu ɗaya da ɗari biyar sau biyar, wanda a tsaye nake cinye shi a gaban mai naman, ko tsinke ɗaya bai taɓa zuwa gida ba. Dubu 43 da ɗari takwas, bakina ni kaɗai. Ita kuma da wajen dubu 61 ta riƙe gidan gaba ɗaya har da ni ɗin. Ranar da muka zauna haɗa lissafin bata ce min uffan ba, kawai ta juyo min da littafin ta tashi ta shiga kicin, ni dai da faɗa tayi min da yafi min sauƙi.

Gyaran ruwan shi ya fara. Na sayi duro biyu na roba na hannu masu lita ɗari biyu, muka wanke su tas, na yi magana da Baba cewa maimakon jarka shida kullum ya dinga sauke min kura guda duk bayan kwana biyu, ya yarda a dubu ɗaya maimakon dubu da ɗari biyu don shima ya huta da yawon neman mai saye. Sai muka gano tankin masai na zamanin nan da muke cikawa da bokiti yana yoyo ta ciki, ka zuba ruwa ka dawo bayan awa ɗaya ka tarar ya tsiyaye, muka daina amfani da shi kwata-kwata, ruwan ɗaurayar wanki da na wanke-wanke ake tarawa a wani bokiti ana korawa da shi. Da damina ta kankama a Yuni kuma muka kafa duro a ƙarƙashin indararo, ruwan farko dai a barshi ya wanke ƙurar kwano da kashin tsuntsaye tukuna, bayan nan wanki da wanka duk da shi akeyi, akwai satin da ko jarka ɗaya bamu saya ba.

Inda nayi wauta shi ne ruwan sha. Na ce ai ruwan bohol garau yake, a daina sayen fiya wata a dinga zubawa a randa, iyayenmu da me suka rayu. Uwargida tace Baban Ummi jarkokin nan fa ba ka san yaushe aka wanke cikinsu ba, na ƙi ji. Kwana biyar autanmu ya kama gudawa da amai, muka kwana a asibiti ana masa ƙarin ruwa, abin da na kashe a daren yafi kuɗin fiya watan wata guda, banda tashin hankali. Ba zan rantse ruwan ne ba amma ban sake gwadawa ba. Yanzu motar kamfanin muke tarewa in ta shigo layi mu sauke leda goma lokaci ɗaya, yafi sauƙi a kan na shago, in kuma ya yanke a tafasa na duro a barshi ya huce.

Cin abincin waje kuwa ban iya dainawa duka ba, kuma bana jin zan daina. Na rana dai na koma tafiya da kula, satin farko abokan aiki suka sani a gaba wai an mayar da ni ɗan nazire, yanzu biyu daga cikinsu da cokalinsu suke zuwa. Majalisar mai shayi ce mai wuya, don ba indomin ke kaini ba, can ake jin waye ba lafiya, waye za'a ɗaura wa aure, ina ake neman ma'aikaci, kuma ba zaka zauna a bencin mutum awa biyu baka sayi komai ba. Na mayar da ita sau biyu a sati, sauran ranakun in na je shayi kawai. Tsiren Juma'a yana nan amma a takarda ake naɗe min shi da gurasa in kawo gida a ci tare.

Akwai fita guda da mukayi da yara a watan, wani wajen cin abinci a Zoo Road, shawarma da askirim da kuɗin adaidaita zuwa da dawowa dubu 14. Ita na fara sa wa biro nace wannan a soke. Abin mamaki sai uwargida, wadda take ƙirga attaruhu ɗaya-ɗaya, tace a'a wannan kam a barta, ko duk bayan wata biyu ne, ita kaɗai ce ranar da take cin abincin da ba ita ta dafa ba kuma ba ita zata wanke kwanon ba. Ban taɓa kallon abin ta nan ba. Aka barta.

Littafin yanzu mun shiga na huɗu, a hannunta yake, kullum da daddare sai ta tambaye ni me za'a rubuta. Shekaranjiya nace mata kuɗin mota ne kawai da kati na ɗari biyar, ta rubuta, sannan ta ɗago ta kalle ni tace to shi kuma yajin da ke gaban rigarka a wane shafi zan sa shi.