Kwana biyu a tafkunan Algonkwin da filafili a hannu

Yammacin Lahadi muka dawo Toronto, yau Laraba, amma har yanzu in na kwanta sai in ji gado yana lilo da ni kamar ina kan ruwa. Tafin hannuna na dama ya yi bororo biyu, kayana kuma duk ƙaurin hayaƙin itace suke yi. Gara in rubuta yanzu tun abin yana da ɗuminsa.

Wanda ya ja ni tafiyar wani yayana ne na zaman baƙunta, mutumin Maraɗi, ya daɗe a Kanada. Tun bara yake ce mini, "Ɗan Yawuri, kai da ka tashi a bakin kogin Kwara, ai bai kamata ka koma gida ba ka taɓa ruwan mutanen nan ba." A watan Maris ya kira ni ya ce ya kama mana wuri na watan Agusta ta intanet, don wata biyar kafin ranar ake buɗe rajista, kuma tafkunan kusa cika suke yi da wuri. Wannan shi ne mamakina na farko. Gandun dajin Algonkwin ne fa, a lardin Ontariyo, faɗinsa ya wuce murabba'in kilomita 7,600, ya ninka jihar Legas, tafkuna a cikinsa sun haura dubu biyu, amma sai ka yi rajistar tafkin da za ka kwana. Tun 1893 aka keɓe shi, shi ne gandun lardi mafi daɗewa a ƙasar.

Hanya ba ta da labari, awa uku da 'yan kai zuwa arewa, mu wuce garin Hantsbil mu hau titi mai lamba 60. Sai dai a wani shago da muka tsaya sayen igiya da rigar ruwan sama raina ya ɓaci. Na ɗauki rigar, na yi wa mai shagon sallama irin tasu, na ce ba a ɗan rage? Bai ce uffan ba. Ya sa yatsa a kan takardar farashi, ya ɗaga kai ya kira na bayana. Da na zo biya kuma ga harajin kashi 13 cikin ɗari da ba ya cikin abin da aka rubuta. Na san tsarinsu ke nan, ban nemi a canza mini shi ba. Amma a kasuwar Yawuri ko albarka mai kaya zai ce maka, da fara'a zai faɗa, ya tambaye ka mutan gida. Ciniki a wurinmu gaisuwa ce, wanda bai san haka ba ya yi asarar wani abu.

A bakin Tafkin Kanu muka karɓi takardar izini da jirgin haya. Izinin kansa dala goma sha wani abu ne kowane mutum a dare, wannan ba laifi. Hayar jirgin ce ta ci kuɗi, har na riƙa lissafa ta da naira ina girgiza kai. Aka karanta mana ƙa'ida: ba a shiga da abincin gwangwani ko kwalba, wurin kwana ɗaya ba ya wuce mutum tara, duk sharar da ka yi kai za ka fito da ita. Sardin ɗin da na saya da gwangwanin tumatir a mota suka kwana.

Jirgin kwale-kwale ne buɗaɗɗe, tsawonsa ƙafa 16, amma da hannu ɗaya na ɗaga bakinsa. Bai fi kilo ashirin ba. Jirgin kawuna na katako sai ƙarti sun taru kafin a ja shi tudu. Tare da shi aka ba mu filafili biyu, usur, igiya mai tasowa saman ruwa, abin kwashe ruwa, da rigar kariya mai hana nutsewa kowa da tasa, matashiyar da ke ba da kayan kuma ta tsaya sai da ta ga mun ɗaure.

Ni na nemi zama a baya, tunda na bayan shi ne matuƙi, kuma tun ina ɗan shekara goma nake riƙe filafili. Jirgin ya ƙi ni. Namu mai nauyi ne, in ka sa shi a hanya yana riƙe ta. Wannan kamar ƙwarya yake a kan ruwa, bugu ɗaya ta dama sai hancinsa ya karkata hagu. Yaya ya juyo ya nuna mini: in ka ja filafilin ya kai ƙugunka, sai ka murɗa wuyan hannu, babban yatsan hannun sama ya kalli ƙasa, ka ɗan tura ruwan waje. Wannan 'yar murɗar ce ke miƙar da jirgi ba tare da sauya hannu ba. Sai da na yi kusan awa guda kafin hannuna ya karɓa, daga nan kuwa na ji daɗin da ban taɓa ji a jirgin gida ba, don abu kaɗan za ka yi ya amsa maka.

A wani tudu a gefen tafkin akwai tarin duwatsu da aka gina don tunawa da Tom Tomson, mai zanen da ya yi suna da hotunan wannan daji. A watan Yulin 1917 aka ga jirginsa a kife a nan, bayan kwanaki aka tsinci gawarsa. Mutum ne da ya san ruwan nan ciki da bai. Na ƙara jan igiyar rigata.

Tsakanin Tafkin Kanu da Tafkin Jo akwai ƙaramar madatsa, sai an sauka an ɗauki jirgi a ka an yi tafiyar kusan mita 300. Suna ce wa wannan fotaj, an kafa alama mai ruwan ɗorawa a bakin kowace irin wannan hanya. A tsakiyar jirgin akwai wani katako da aka sassaƙa daidai wuya, sai ka kifa jirgin a kanka katakon ya zauna a kafaɗa, kana ganin ƙafarka kawai da 'yar hanyar gabanka. A nan na ga 'yan mata da ba su wuce shekara sha huɗu ba, daga sansanin hutu, kowace da jirgi a ka ko ƙatuwar jaka a baya, suna waƙa. Abin da ya fi ba ni mamaki gaisuwa ce. Mutanen da a Toronto za ku shiga lif ɗaya ba wanda zai dubi wani, a nan kowa sannu yake yi maka, kowa yana kauce wa mai ɗauke da jirgi. Ashe suna da ita, birni ne ke danne ta.

Daga Jo muka bi Tifi, muka shiga wani siririn ruwa mai ciyayi har bakin Tafkin Tom Tomson, inda muka tarar da hanya a toshe. Wata dabbar ruwa ce mai faffaɗar wutsiya, biba, ta yi madatsa da rassa da laka. Na sauka na tsaya a kanta don mu ja jirgin. Ta ɗauke ni cak ba ta motsa ba. Na zaro reshe ɗaya na duba, bakinsa a fiƙe kamar an fere fensir, ga sawun haƙori biyu-biyu a jikinsa. Ruwan bayanta ya fi na gabanta tudu. Na faɗa a fili, tsarki ya tabbata ga Allah.

Wurin kwana alama ce mai ruwan lemo a jikin bishiya, da murhun duwatsu, da gungumen zama, sai akwatin katako can cikin itatuwa a matsayin masai. Waɗanda suka tashi kafin mu sun bar tulin busassun ƙirare a gefen murhu, an jera su tsaf. Yaya ya ce al'ada ce, mu ma haka za mu bari. Wannan ta burge ni ƙwarai, sadaka ce ga wanda ba za ka taɓa gani ba.

Muka kafa tanti, muka tace ruwan tafki muka ɗora shayi. Indomie da yaji, sai gari da ƙuli-ƙuli. Alƙibla a nan arewa maso gabas take, magariba kuma sai bayan ƙarfe takwas. Na yi alwala a kan wani faffaɗan dutse, na yi kiran salla a hankali, sai na ji muryata ta dawo daga ɗaya gaɓar. Bayan isha muka zuba duk abinci a jaka, har man goge baki, muka rataye a reshe nesa da tanti saboda baƙar beyar, dabbar daji mai bin ƙanshin abinci. Sauro ya ci rabonsa, ko da yake nasu ba ya sa zazzaɓin cizon sauro. Can cikin dare wani kuka ya tashe ni, dogo, mai ratsa zuciya, na ɗauka kyarkeci ne. Yaya ya ce, "Kwanta ƙanena, tsuntsun da ke jikin kwabon dala ɗaya ne." Lun sunansa. Ban koma barci da wuri ba, na leƙa waje na ga taurari irin waɗanda rabona da su tun ƙauyenmu.

Washegari da hantsi muka fita zagaya tafkin, iska ta taso. Igiyar ruwa ta fara dukan jirgin a gefe, ruwa na fantsamo mana, muka durƙusa a kan gwiwa don jirgin ya zauna, muka juya hancinsa ya fuskanci iskar. Sai ga ruwan sama. Wani tsoho a gaɓa yana ɗaga mana filafili, muka nufe shi. Shi da matarsa ne, duk sun haura saba'in, sun ɗaura tamfal tsakanin bishiyoyi wuta na ci a bakinsa. Tsohuwar ba ta tambayi sunanmu ba sai da ta miƙo mana shayi. Da za ta soya fanke ta tsaya ta ce, kaskon nan an soya naman alade a ciki da safe, ko kuna ci? Muka ce a'a. Ta ɗauko wata tukunyar daban ta wanke, ta soya mana a ciki, ta zuba ruwan zaƙin bishiyar meful a kai. Ban san lokacin da na ce mata na gode Mama ba, ta yi dariya ta ce ta karɓi sunan.

Jirgin tsohon na katako ne da aka lulluɓe da zane mai kauri, ya ce ya girme ni. Ya ce asalin siffarsa ta mutanen Algonkwin ce, 'yan asalin ƙasar da gandun ya ci sunansu, su da ɓawon bishiya suke yin nasu, kuma hanyoyin da muke ɗaukar jirgi a ka da yawansu sawunsu ne. Ya tambaye ni jiragenmu. Na ba shi labarin masunta da Sarkin Ruwa, da yadda madatsar Kainji ta 1968 ta mai da kogin tafki ta tashi garuruwa. Ya ce, kuna sa rigar kariya? Na yi shiru. Sannan na gaya masa abin da ya faru a watan Mayun 2021, jirgin da ya taso daga Lokon Minna zuwa Wara da mutum fiye da 150, ya nutse, waɗanda aka ceto da rai ashirin da 'yan kai ne. A nan mutum biyu ne a jirgi, don shaƙatawa suka fito, amma doka ta ce kowa da rigarsa. A can mata da yara ne za su kasuwa, ba su da wata hanyar sai ruwa. Tun da na zo ƙasar nan ban ji ciwon bambancinmu kamar a ƙarƙashin wannan tamfal ba. Da za mu tafi na ba su sauran ƙuli-ƙulinmu, tsohon ya gutsura ya ce zai lalata masa haƙori amma ba zai bari ba.

Dare na biyu sanyi ne kawai da jiƙaƙƙen bargo. Da asuba hazo ya rufe tafkin, muka tara ƙirare muka bari, muka kamo hanya. Jo, fotaj, Kanu, kafin azahar mun miƙa jirgi. A mota barci na yi har Toronto.

Jiya na kira kawu a Yawuri na ba shi labari. Ya yi ta tambaya a kan jirgin da mutum ɗaya ke ɗauka a ka. Na ce, "Kawu, rigar kariya nawa ce a jirginka?" Ya ce huɗu, biyu sun yage. Na ce ya aika yaro ya tambayo mini kuɗin dozin biyu kafin ranar kasuwa.