Na ba da shaida bisa rantsuwa a gaban kwamitin majalisa

Ni ma'aikacin sashen kuɗi ne a wata ƙaramar hukuma. Kwamitin asusun gwamnati na majalisar dokokin jiharmu ya kira mu kan kuɗin wasu rijiyoyin burtsatse da mai binciken kuɗi ya ce an biya, amma aikin bai cika ba. Abokan aiki suka ce ai zaman shan shayi ne, a je a yi 'yan bayanai a dawo.

Ba haka tsarin mulkin 1999 ya ce ba. Sashe na 128 da na 129 sun ba majalisar jiha ikon yin bincike, ta kira kowa, ta sa shi ya yi rantsuwa, ta kuma ba da sammacin kamo wanda ya ƙi zuwa. Majalisar Tarayya ma tana da irin wannan iko a sashe na 88 da 89. Shaidar zur kuwa laifi ce a dokar Penal Code da ke aiki a Arewa, ɗauri ne hukuncinta.

Akawu ya tambaye ni, da Alƙur'ani zan rantse ko alkawarin faɗin gaskiya zan yi, don doka ta yarda da duka biyun. Da alwalata na shigo, na ɗora hannu. Daga nan bakina ya yi nauyi. Shugaban kwamiti ya ce, "Malam, an haƙa rijiyoyin nan?" Na ce, "Ranka ya daɗe, takardar kammala aiki na gani da sa hannun injiniya, a kanta na biya. Rijiyar dai ban je na gani ba." Ya sake juya tambayar ta wata fuska, na maimaita amsata.

Abin da ya fi yi mini amfani ke nan: raba abin da idona ya gani da abin da aka faɗa mini. Lamba kuwa ko ɗaya ban faɗa da ka ba, sai na buɗe fayil na karanto lambar baucar da kwanan wata, domin akwai mai rubuta duk kalmar da ta fita.

A Amurka, Michael Cohen, tsohon lauyan Trump, ya amsa laifin yi wa majalisa ƙarya a 2018. A ganina mu ma dokar ba ta gaza ba, aiwatarwa ce ke da rauni. Kwamiti ba kotu ba ne, sai ya miƙa batun ga masu gabatar da ƙara, kuma a nan ne maganar kan yi sanyi.