Yankan da Ya Ɓata Mana Naman Layya

Har yau raina na sosuwa idan na tuna cinyar ragon layyarmu ta bara. Nama mai kyau, kitsensa daidai. Mun tafasa shi da citta da tafarnuwa da kanumfari, muka soya a man gyaɗa har ya yi ja, amma da aka zo ci sai kowa ya shiga kokawa da shi, tsoka na zarewa dogo-dogo tana maƙalewa a haƙora. Surukata ko yanka ɗaya ba ta iya taunawa ba. Kuma a haka aka kai rabon maƙwabta, ga rago a wannan zamani ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Duk gidan mun ɗora laifin a kan ragon, wai ya tsufa. Sai da na kai kukana wurin dattijon mahaucin da muke sayen nama a hannunsa. Ya jawo wata tsoka ya shimfiɗa a kan teburinsa ya ce, "Hajiya, kin ga waɗannan zare-zaren da suka miƙe? In kika bi su da wuƙa, kin bar wa haƙori aikin. Gitta su za ki yi." Ya yanko biyu, ɗaya a tsaye, ɗaya a gicciye, ya ce in ja kowanne da hannu. Na gicciyen nan take ya rabu. Ɗayan kuwa sai miƙewa yake kamar roba. Ashe haka muka yanka cinya guda cur, muna bin zaren saboda ta nan wuƙa ta fi saurin wucewa.

Ya kuma tambaye ni yaushe muka yayyanka naman. Na ce ranar Sallah da la'asar. Ya girgiza kai. Nama na sandarewa sa'o'i kaɗan bayan an yanka dabba, sai ya kwana a rataye ya tsane yake sakin jiki, wuƙa ma ta fi kama shi. Iyayenmu da ke barin rago sai washegari sun san abin da suke yi.

Bana tun jajibere na wasa wuƙaƙena a dutse. Wuƙar da ta dakushe sai an danna ta da ƙarfi, a nan ne take zamewa ta sami yatsa. Na shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashin katako don kada ya motsa, na lanƙwashe yatsun hannun hagu ciki, gefen wuƙa na jingine da gaɓoɓinsu. Kowace tsoka sai na raba ta da 'yar'uwarta, na cire farar jijiyar da ke kanta, na juya ta na ga inda zarenta ya nufa, sannan na sa wuƙa. A cinya ɗaya ma tsokoki ba gefe guda suke fuskanta ba, shi ya sa aikin ke cin lokaci, kuma ban yarda kowa ya yi mini gaggawa ba. Yankan kuma girmansu ɗaya, don ƙananan kan ƙone a kasko kafin manyan su soyu.

Ƙanwata ta so ta taya ni da yankan hannu, ɗaya ta riƙe ɗaya ta ja wuƙa, yadda muka saba. Na ce ta je ta ji da albasa. A wannan riƙon ba mai ganin zare, kuma ban shirya sake asarar cinya ba.