Gam ɗin nan ba ya jiran mai nawa

Duk sabuwar nas da aka turo mini ɗakin munzar, na'urar nan mai kyamara da ake zurawa ta baki a leƙa ciki, kan allon talabijin idonta yake fara sauka. Ni kuwa wurin wankin na'urar nake kai ta. Wasu har ɓata fuska suke yi, wai da digirinsu za a miƙa musu buroshi. Nakan ce, "Ƙanwata, in ba ki san kowane rami na na'urar nan ba, ba za ki tsaya kusa da likita ranar da jini ya ɓalle ba."

A yankinmu na Jazira da Sinnar a ƙasar Sudan, jinin ne aikinmu. Tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka ja magudanai cikin gonakin auduga, dodon-koɗi ya samu gida, cutar bilharziya, wato tsargiya, ta biyo shi. Wadda ta fi wahalar da mu ta hanji ce. Ƙwayayenta kan maƙale a hanta shekara da shekaru har hanyar jini ta ƙuntata, sai jijiyoyin hanyar abinci da na saman tumbi su kumbura. Ranar da ɗaya ta fashe, mutum ya yi ta aman jini. Manomanmu da ke yini ƙafa cikin ruwa sun san wannan ciwo sarai. Har cibiya guda aka ware wa masu zubar jinin nan a asibitin Ibn Sina na Khartum.

Bayan wanki, ɗaure kumburarriyar jijiya da roba shi nake fara koyarwa. Nas ce ke zura zaren da ke sakin robar ta ramin na'urar, ta kafa hular mai ɗauke da ƙananan robobi a bakinta. Likita ya zuƙo jijiyar cikin hular, ya murɗa, roba ta shaƙe ta. In hular ta zauna a karkace, robobin sun tare masa gani, ga mara lafiya yana zubar da jini. Shi ya sa nake sa su yi ta haɗawa suna kwancewa a kan tebur, har hannu ya daina tambayar ido.

Inda ake gane wadda ta ƙware shi ne allurar gam. Jijiyar saman tumbi ba ta cika jin roba ba, sai a ɗura mata gam ɗin da ake kira Histoacryl, galibi a gauraye da man Lipiodol don ya ɗan jinkirta daskarewa. Da ya taɓa jini yake sandarewa, cikin daƙiƙoƙi. Sirinjin kuma a hannun nas yake. Likita ya ce a fito da allura, ki fitar, ki faɗa da baki cewa ta fita. Ya ce a tura, ki tura, nan take ki bi da ruwan allura zalla, don ruwan gishiri kan sa gam ɗin ya kama tun a cikin bututu. In kin yi nawa, allurar na iya mannewa a jijiyar. In aka zuƙi gam cikin na'urar, ramin ya toshe, sai an kai ta gyara, kuma ba kowane asibiti ke da ta biyu ba. Tabarau dole ne ga kowa a ɗakin. Ni ba na yarda da nas mai gyaɗa kai. Likita allo yake kallo, kunnensa kawai ya bar miki.

Akwai kuma wadda ke tsaye a kan mara lafiya, kuma ba ƙaramar ba nake ajiyewa a nan. Shi yana kwance ta gefen hagu, da abin cizo a baki, ita tana zuƙe jini da yawu, tana duba iskar da ke jininsa. Umarni da Larabci yake fitowa, amma tsohon da aka kawo daga ƙauye a firgice yake. Ta sunkuya ta ce, "Sannu Baba, ja numfashi ta hanci, an kusa." Sai ka ga kafaɗarsa ta sauka.

Wankin da suke rainawa kuwa, a goge na'urar tun a bakin gado, a gwada ko tana yoyo, a bi ramukan da buroshi, sannan ta kwanta cikin Cidex, ruwan maganin kashe ƙwayoyin cuta, a ɗauraye, a busar. Wadda ta tsallake buroshi tana iya raba wa na gaba ciwon hanta.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, ƙwararru da yawa sun watse, wasu Masar, wasu Saudiyya. Yanzu matsin lamba ake yi a yaye yara da wuri, ni ma na san hannu ya yi ƙaranci. Duk da haka sirinjin gam ba na miƙa shi sai yarinya ta yi ta gwaji da ruwa a kwano, ina ba da umarni da sauri, wani lokacin da gangan in ce a tura alhali allura ba ta fita ba. Wadda ta tsaya ta ce, "Sista, ba ta fita ba," ita nake rubutawa a jadawalin mako mai zuwa.