Godiya Ga Waɗanda Suka Zo Ganin Aikin Hannun Yaranmu

Alhamdulillahi, taro ya tashi lafiya. Ranar Asabar da ta wuce ɗalibanmu na aji uku na ƙaramar sakandare suka tsaya gaban jama'a, kowa da abin da ya haɗa da hannunsa, aka yi musu tambayoyi, aka ba su maki a idon iyayensu. A madadin malaman makarantarmu nake wannan godiya, kuma zan fara da 'yan jarida, don su ne suka fitar da aikin daga cikin katangar makaranta.

Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a riƙa auna yaro a tsawon zango, kada a jira jarrabawa guda ta ƙarshe. Daga nan makin C.A., wato makin ayyukan tsawon zango, ya samo asali. Amma mu malamai mun san yadda muka mayar da shi: gwaji biyu a takarda, a tara, a rubuta. Sai yaro ya kai ajin ƙarshe, WAEC ko NECO su sa shi gaban kayan gwaje-gwaje, hannunsa na rawa don bai taɓa riƙe su ba. Wannan ne ya dame mu har muka ware wani ɓangare na makin zangon nan ga abin da yaro zai iya yi ya kuma bayyana da bakinsa.

Abokan aiki daga wasu makarantu suna ta tambayata yadda aka yi rediyo ya zo. Wallahi ba mu ba kowa ambulan ɗin kuɗi ba. Saura mako biyu na kai takardar gayyata da ƙafata, shafi ɗaya, na nemi ganin editan labarai, ban bar ta wurin mai gadi ba. Ban cika ta da tarihin makaranta ba. Na rubuta cewa akwai yarinya 'yar shekara 14 da za ta tace ruwan kududdufi a gaban mutane, na sa rana da lokaci da lambar wayata. Ana gobe taro na sake kira. Mun kuma fara da ƙarfe tara na safe, don wakili ya samu ya koma ya haɗa rahotonsa kafin labaran yamma.

Wakilin da ya zo, Allah ya saka masa da alheri, ya koya mini abin da ban sani ba. Na riga na shirya masa jawabin shugaban makaranta, sai ya ce in yi haƙuri, muryar yara yake so. Ya durƙusa gaban teburin yarinyar nan da rakodarsa. Ta yanke gindin gorar roba ta kifa ta, ta jera auduga da gawayi da yashi da tsakuwa, ta zuba ruwa ja wur, muka tsaya shiru muna kallo yana ɗigowa garai-garai. Ya tambaye ta ko zai iya sha. Ta ce a'a, tacewa laka take cirewa, ba ta kashe ƙwayoyin cuta, sai an tafasa. Wannan amsar ita ta ba ta cikakken maki, kuma ita aka sa a rediyo. Mahaifinta yana shagonsa a kasuwa ya ji muryarta. Da daddare ya kira ni, ya kasa gama magana.

A ƙasar nan da mutane suka saba kasa kunne tun zamanin Rediyon Kaduna na 1962, minti uku a labaran yamma ya kai mu gidajen da takardar sakamako ba ta taɓa shiga ba.

Muna godiya ga iyaye da suka sa hannu aka ɗauki hoto da muryar 'ya'yansu. Waɗanda ba su amince ba mun kiyaye, ba a haska nasu ba. Godiya ga kafintan unguwarmu da mai gyaran wuta da ma'aikaciyar jinya da suka bar sana'arsu suka zauna cikin alƙalai. Kafintan nan ya jijjiga bencin da yara biyu suka haɗa, ya nuna musu inda ƙusa ta kauce, bai rage musu komai don kunya ba. Godiya ga Mai Unguwa, da ƙungiyar iyaye da malamai da ta ɗauki nauyin rumfa da kujeru, da matashin da ya yaɗa bidiyon a Facebook da zaurukan WhatsApp.

Ku kuma yarana, har da kai da fitilarka mai aiki da hasken rana ta ƙi kamawa amma ka tsaya ka gano wayar da ta tsinke, Allah ya yi muku albarka. Iyayen da ba su samu zuwa ba, kayan suna nan a ɗakin karatu har ranar Juma'a, ƙofa a buɗe take daga ƙarfe takwas zuwa tashi.