Kiɗan da ba rawa ba waƙa, kuma da shi muke cin abinci

Ina da ɗan ƙaramin sutudiyo a nan Jos, ɓangaren Bauchi Road, ɗaki ɗaya ne da wani lungu da muka manne da soso muna ɗaukar murya a ciki. Ni ne da yara biyu. Da can aikinmu bai wuce tallar rediyo da waƙar biki ba, sai ta 'yan siyasa in kakarsu ta kama, irin dai abin da kowane mai sutudiyo ke yi a garin nan. Amma yanzu abin da ya fi riƙe shagon wani irin kiɗa ne da ba a rawa da shi, ba ganga, ba baiti, sauti ne kawai mai tafiya a hankali a ƙarƙashin magana ko hoto. Ambiyent ake ce masa, mu a shago shimfiɗa muke cewa.

Ba sha'awa ce ta fara kai ni ba, kwastoma ce. Wata baiwar Allah mai karanta littattafan Hausa tana sawa a YouTube ta zo da kukanta, duk kiɗan da ta ɗauko a intanet ta sa a ƙasan muryarta sai na'urar YouTube ta gano mai shi, kuɗin tallan bidiyon ya koma can, ita ta tashi a tutar babu bayan ta kwana tana karatu. Ta ce Malam ka yi min nawa na kaina, mai sanyi, wanda ba zai dame ni da masu saurarona ba. Na ce to Hajiya an gama. Da na zauna yi ne na ga ashe hannuna bai saba da wannan ba, mu da muka tashi a kan fiyanon Yamaha da kalangun cikin kwamfuta, kowane gurbi muka gani sai mun cusa masa wani abu. Dole na shiga neman masu yin irinsa in ji yadda suke yi.

Sunan da kowa zai fara cin karo da shi Brian Eno ne, ɗan Ingila. A 1978 ya fitar da faifan da ya yi don filin jirgin sama, Music for Airports, kuma tunanin ya zo masa ne yana zaman jiran jirgi a Jamus kiɗan da ake sawa a wajen ya ishe shi. Abin da yake nema shi ne kiɗan da in ka saurara za ka samu abin ji, in ka share shi kuma ba zai ja maka riga ba. Yadda ya haɗa wani ɓangare na faifan ne ya fi burge ni. Zaren kaset ya yanka ya haɗa bakinsa da baki ya zama zobe, kowane zobe da sauti ɗaya a kansa, kuma kowanne tsawonsa daban, sai ya sake su gaba ɗaya suna ta juyawa. Tunda tsawonsu bai zo ɗaya ba, yau wannan sautin ya haɗu da wancan, an jima ya haɗu da wani, kana ta jin abu ɗaya amma bai taɓa maimaita kansa daidai ba. Wannan dabarar har yau ita nake amfani da ita a FL Studio, manhajar haɗa kiɗa, sai dai ni ba almakashi, linzamin kwamfuta ne. In sa sauti guda yana dawowa bayan daƙiƙa 17, wani bayan 23, wani bayan 31, in bar su su yi ta kewaya. Awa guda ta karatun littafi za ta wuce mai sauraro bai ji an koma farko ba.

To amma wanda ya sa na ji abin nan namu ne ba aro ba, Mamman Sani ne na Nijar. Wallahi ranar da na fara jinsa sai da na ajiye abin da nake yi. Shi ma a 1978 ɗin ya ɗauki kaset ɗinsa a Yamai, da ogan ta lantarki shi kaɗai, ba makaɗa ba 'yan amshi, amma karin da ke fita irin na Sahel ne sak, kana ji ka san hannun mutumin yankinmu ne. Shekara da shekaru rediyo da talabijin na Nijar suna sa kiɗansa a tsakanin shirye-shirye, mutane sun haddace shi, sai a 2013 wani kamfanin Amurka mai suna Sahel Sounds ya sake buga shi duniya ta sani. Ka ga shekara ɗaya da Bature, kowa a nasa gefen. A nan gida Najeriya kuma akwai William Onyeabor na Inugu da ya tara na'urorin sintesaiza tun shekarun 1970, shi nasa na rawa ne, ya rasu a 2017.

Sauran dangin kiɗan na'ura kuma suna da yawa, ban zurfafa a duka ba don ba duka ke kawo min kuɗi ba. Akwai 'yan ƙungiyar Kraftwerk na Jamus da ake ɗauka kakanni, akwai haus da ya fito daga Chicago da tekno na Detroit a shekarun 1980, ga amapiyano na Afirka ta Kudu da yanzu ko ɗaurin aure ka je sai ka ji an saka. Yarana su wannan suke so, in na fita sai su ƙure sifika. Ni abin da nake gaya wa masu cewa kiɗan na'ura baƙon abu ne, su je su saurari waƙoƙin fina-finanmu na Hausa, wace ganga ta gaske ce a ciki? Kusan duk fiyano ne da kwamfuta. Kunnenmu ya daɗe da sabawa da na'ura, natsuwar ce kawai ba mu saba ji daga gare ta ba.

Yadda nake aikin, ba na son dogara da sautukan da suka zo cikin manhaja kaɗai, don kowa a duniya yana da su, za ka ji shimfiɗar mutumin Jos iri ɗaya da ta mutumin Indiya. Sai in kira mai sarewa ko mai goge in ce ya ja min sauti ɗaya tak ya riƙe. Nan ake drama. Wani dattijo mai goge da na kawo, na ce Baba ja ɗaya za ka yi ka tsaya, ya dube ni ya ce yaro kai kiɗa ka kira ni ko gwajin tsirkiya? Da ƙyar ya yarda. Na ɗauki wannan jan guda na daƙiƙa huɗu na sa a manhajar gyaran sauti Audacity, akwai wani abu a ciki Paulstretch da ke miƙe sauti ya yi tsawo ba tare da muryarsa ta canza ba, na miƙe shi ya kai minti biyu, na ƙara masa amsa-kuwwa kamar a cikin babban zaure ake yi, na rage kaifin saman. Da na kunna masa ya yi shiru yana ji, can ya ce wannan gogena ne? Na ce naka ne Baba. Ya ce to aljanu sun shiga ciki. Amma bai tafi ba sai da aka tura masa a waya.

Na gwada da kuntigi ma, don garin Ɗan Maraya muke, Allah ya jiƙansa, tun 2015 da ya rasu ba a samu wanda ya maye gurbin ba. Kuntigi sautinsa gajere ne, tsinke ɗaya ya mutu, ba ya miƙuwa da daɗi irin goge, sai dai a yayyafa shi jefi-jefi a saman shimfiɗar.

Ɗayan rabin aikin kuma a waje yake. Ina da ƙaramar rakoda da nake yawo da ita. Ruwan saman Jos a kan kwano, musamman in ya zo da ƙanƙara, iskar hunturu a duwatsun Shere, zubar ruwa a Assop, hayaniyar Farin Gada da sassafe ana sauke kabeji da karas, duk ina da su a ajiye cikin kwamfuta kowanne da sunansa. Iska ita ce babbar abokiyar gaba, in ta bugi makirfo ba abin da za ka ji sai bufff, don haka sai an rufe kan da soso mai gashi, in babu a sa safa. Kuma a garin nan kafin ka samu minti uku ba hon ɗin keke ba ƙarar janareta sai ka yi sammako sosai.

Wannan sautin na waje ya buɗe min wata kasuwa da ban yi tsammani ba. Akwai malamai da masu shirin tarihi ko nasiha da ba sa son kayan kiɗa ko kaɗan a ƙarƙashin maganarsu, kuma ba sa son maganar ta fito tsirara. Su ruwa da iska da kukan tsuntsu kawai nake haɗa musu, ba tsirkiya ba fiyano, kowa ya rabu lafiya. Sauran kwastomomi, akwai ɗaliban makarantar koyon fim ta nan Jos masu aikin kammalawa, su ba kuɗi amma akwai kunne, akwai masu shirin gaskiya na ƙungiyoyi, akwai masu wajen shan kofi da gyaran jiki a Abuja da ke son abin da zai yi ta tafiya tun safe har dare ba ya hana hira. Wata ma cewa ta yi jaririnta ba ya barci sai da ruwan kwanon nan.

Inda gwaninta take, a ragewa ne. Muryar mutum tana da inda take zama a cikin sauti, a ma'aunin kaifin sauti da ake kira hertz, wajen dubu ɗaya zuwa dubu huɗu nan ne kalmomi ke fitowa tangaran, to duk abin da ke shimfiɗar a wannan wajen sai na sassauta shi, kuma in saita ta yadda da mai magana ya buɗe baki kiɗan zai sunkuya da kansa, ya yi shiru ya ɗago. Sannan dole in gwada a sifikar ƙaramar waya, don yawancin masu sauraronmu da ita suke ji, duk wani kauri na ƙasa da ka sha wahala a kai waya ba ta fitar da shi. Na sha haɗa abu ya yi daɗi a manyan sifikun shago, a waya ya ɓace ɓat.

Matsalar wuta kuwa ta mai irin aikina ta fi ta kowa. Mai waƙar biki in janareta na gurnani ganga za ta rufe, ni kuwa aikina shiru ya fi yawa a ciki, ƙaramin zzz ɗin nan na wutar lantarki mai hertz 50 in ya shiga wayar makirfo sai ya fito fili kamar ƙuda a cikin nono. Ana iya yanke shi da tacewa amma yana tafiya da wani abu na sautin. Abin da ya raba ni da wannan sola ce da batir, na daɗe ina tari kafin na haɗa, kuma duk lokacin ɗaukar murya ko akwai wutar NEPA a kan batir nake komawa.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ke ɓata min rai. Mutum zai biya waƙar biki ba musu don ya ji sunansa da na amarya an ambata, amma shimfiɗa sai ya ce wai me ka yi a ciki, ai ba komai, ɗan huuu ne kawai. Wani furodusa ya taɓa ce min oga wannan ai ko yaro ya danna fiyano ya riƙe zai yi. Na ce Alhaji ga fiyanon, bismilla. Na cire shimfiɗar daga fitowar da jarumar ke kuka na kunna masa haka nan, ya kalla, ya ce mayar. Shi aikin in ya yi kyau ba a lura da shi, kuma abin da ba a lura da shi ba wuyar biya gare shi, shi ya sa yanzu kafin mu yi ciniki nake kunna wa mutum hotonsa sau biyu, da shimfiɗa da kuma babu.

Na kuma raba farashi gida biyu. In kana son kiɗan ya zama naka kai kaɗai, ba zan sake ba kowa ba, kuɗinsa daban kuma muna rubutawa a takarda kowa ya sa hannu. In kuma haya kake so, ka yi amfani da shi wani ma ya yi, wannan da sauƙi, shi masu YouTube suka fi ɗauka. Takardar nan ba wasa ba ce, don an taɓa ɗaukar shimfiɗar da na ba mutum haya aka je aka yi mata rajista a intanet da sunan wani, sai ga sauran kwastomomina ana kama musu bidiyo a kan kiɗan da ni na haɗa da hannuna. Sai da na tura ainihin fayil ɗin aikin da ranar da aka yi shi kafin aka sake su. Tun daga nan ba na goge fayil ko na shekara nawa ne, kuma masu sarewa da goge da nake ɗauka su ma ina biyansu a rubuce, da sharaɗin in an sayi abin kacokan akwai ƙarin nasu.

Masu tambayata ta ina za su fara ji, ni dai cewa nake su fara da Mamman Sani, don karinsa ba zai yi musu baƙunta ba, daga nan su gangara wajen Eno da mutanen Japan irin su Hiroshi Yoshimura. A sa abin kunne mai kyau, kar a ƙure ƙara, kuma kar a zauna ana jiran inda ganga za ta shigo don ba za ta shigo ba. Wanda kuma yake son koyon haɗawa, Audacity kyauta ce, wayarsa ma ta isa ɗaukar sautin farko. Ina karɓar ɗalibi ɗaya ko biyu bayan sallah in an samu wanda zai iya zama awa biyu bai taɓa ganga ba.